Sangali, ƙashin da fata kaɗai ta rufe

Duk wanda ya ɗora yatsa a ƙasan ƙoƙon gwiwarsa, ya gangara da shi ta gefen ciki har zuwa idon sawu, ƙashi zai yi ta ji tun daga sama har ƙasa, babu tsokar da ta shiga tsakani. Wannan shi ne sangali, babban ƙashin ƙwauri, wanda likitoci ke kira tibiya. In aka cire ƙashin cinya, babu wanda ya kai shi girma a jikin mutum. Tsawonsa a baligi yakan kai santimita 35 zuwa 40, gwargwadon tsayin mai shi, kuma shi ke karɓar kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na nauyin da ke saukowa daga gwiwa zuwa tafin ƙafa. Ɗan abin da ya rage, siririn ƙashin da ke raɓe da shi ta waje ne ke ɗauka, wanda ake kira fibula. Amma duk da wannan kaya da ke kansa, kusan sulusin jikinsa babu abin da ya rufe shi sai fata da ɗan tantani. Yawancin wahalar da sangali ke ba likitoci da marasa lafiya daga nan take tasowa. Ƙashin kansa yana da ƙarfi, naman da zai kare shi da jinin da zai ciyar da shi ne suka yi ƙaranci.

Kansa na sama faffaɗa ne, ya rabu gida biyu, na ciki da na waje, kowanne da shimfiɗar guringuntsi inda ƙashin cinya ke zama. Wannan fuska kusan a shafe take, ba ta da zurfin da za ta riƙe ƙashin cinya da kanta yadda kwarmin kwatangwalo ke riƙe kan cinya. Abin da ke cike giɓin shi ne wasu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke kwance a gefe da gefe, sai jijiyoyin ɗauri biyu da suka gitta juna a tsakiyar gwiwa. Ta gaba tana hana sangali zamewa gaba, ta baya tana hana shi komawa baya. Ta gaban ce 'yan ƙwallo ke yawan tsinkawa idan ƙafa ta kafe a ƙasa jiki kuma ya juya. A tafiyar yau da kullum, nauyin da ke sauka a kan wannan fuska yakan ninka nauyin jiki sau biyu da rabi, a hawan bene ya kai ninki uku ko ya ɗara. Ɓangaren ciki ya fi ɗaukar kaya, shi ya sa ƙashinsa ya fi kauri. Na waje ya fi rauni, kuma shi ke yawan lotsawa idan gaban mota ya bugi mutum a gefen gwiwa. Irin wannan karaya ta cikin gaɓa ce. Idan ba a ɗago wurin da ya lotsa an daidaita shi ba, gwiwa takan karkace, ciwon gaɓa ya biyo baya cikin 'yan shekaru, kuma ko an yi aiki yakan ɗauki mako 10 zuwa 12 kafin a bar mutum ya taka.

Yatsa biyu ko uku a ƙasan ƙoƙon gwiwa akwai wani tudu da kowa zai iya taɓawa. A nan jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa ta kama, kuma ta nan tsokar gaban cinya ke jan sangali ta miƙar da ƙafa. A yaro mai tasowa wannan tudu bai gama zama ƙashi ba, don haka yawan gudu da tsalle kan sa ya kumbura ya riƙa zafi, musamman ga maza 'yan shekara 12 zuwa 15, mata kuwa kafin haka da kaɗan. Likitoci biyu, Osgood da Schlatter, kowanne daban, suka bayyana ciwon a 1903. Ba abin tsoro ba ne: rage wasa, miƙa tsokar cinya da sa ƙanƙara sun isa, kuma yakan wuce da kansa in girma ya tsaya. Kusa da tudun nan, santimita ɗaya zuwa biyu ƙasa da shi ta gefen ciki, rashin tsoka ya zama alheri. Idan aka kawo yaron da gudawa ko zubar jini ta tsotse har jijiyoyinsa suka ɓace, a nan ake soka allura ta musamman ta shiga ɓargo, a ɗura ruwa ko jini ko magani, su shiga jiki da sauri kamar ta jijiya.

Gangar ƙashin ba zagayayyiya ba ce, kusurwa uku gare ta. Ta gaba ita ce kaifin nan da mutum ke ji idan ya yi karo da wani abu, kuma zafin da ke ratsa shi daga tantanin da ke lulluɓe da ƙashin yake fitowa, don cike yake da jijiyoyin ji. Gangar tana sirancewa yayin da take gangarowa, har ta kai inda ta fi ko'ina siranta, wato mahaɗar sulusi na tsakiya da na ƙasa. Daga nan ta sake buɗewa ta zama rufin gaɓar idon sawu. Ƙullutun idon sawu na ciki ƙarshen sangali ne. Na waje, wanda ya fi sauka ƙasa da kamar santimita ɗaya, ƙarshen fibula ne. Su biyun suka sa ƙashin saman tafin ƙafa a tsakiya suka riƙe shi, jijiyoyi masu tauri suka ɗaure su da juna. Wannan riƙo ba ya son sakaci ko kaɗan. Wani gwaji da Ramsey da Hamilton suka buga a 1976 ya nuna cewa idan ƙashin saman tafin ƙafa ya goce waje da milimita ɗaya tak, faɗin wurin da yake haɗuwa da sangali yana raguwa da kashi 42 cikin 100. Nauyi bai ragu ba, wurin zamansa ya ƙanƙance, sai guringuntsi ya fara cinyewa. Abin da ya sa ke nan karayar idon sawu da ake rainawa a ce ai targaɗe ne take barin mutum da ɗingishi na har abada.

Fibula ba ta shiga gaɓar gwiwa, aikinta ba wa tsoka wurin kamawa ne da tokare idon sawu. Saboda haka likitoci kan iya yanke tsakiyarta, tare da jijiyar jininta, su dasa a wani wuri, kamar muƙamuƙin da ciwon daji ya ci, muddin an bar santimita 6 zuwa 8 na ƙasa don kada idon sawu ya saki. Abin kiyayewa a kanta yana can sama: wata jijiyar ji da motsi tana zagaye wuyanta a gefen gwiwa ta waje, a ƙarƙashin fata. Filasta ko karan ɗori da ya danne wurin na iya kashe ta, mutum ya kasa ɗaga tafin ƙafarsa, ya riƙa jan yatsu a ƙasa in yana tafiya.

Jini ta hanya biyu yake isa ga sangali. Akwai babbar jijiyar jini guda ɗaya da ke huda ƙashin ta baya, a sulusinsa na sama, ta gangara cikin kogon ɓargo, tana ciyar da kusan kashi biyu cikin uku na kaurin bangon ƙashin daga ciki. Sauran sulusin na waje daga tantanin ƙashi yake samu, shi kuma tantanin daga tsokar da ke manne da shi. To, idan ganga ta karye ta goce, jijiyar ciki takan tsinke, ɓangaren ƙasa ya koma dogaro da abin da tantani zai ba shi. Matsalar ita ce sulusin ƙasa babu tsokar kirki a jikinsa, jijiyoyin tsoka ne kawai ke wucewa ta gefensa zuwa ƙafa. Wurin da ya fi saurin karyewa ke nan, kuma shi ne ya fi talaucin jini. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da ya sa karayar cinya, duk da girmanta da yawan jinin da take zubarwa, sau da yawa takan riga ta ƙasan sangali haɗewa.

Sangali yakan fara zama ƙashi tun a mako na 7 na ciki. Tsawonsa daga faifan guringuntsi biyu yake ƙaruwa, ɗaya a sama kusa da gwiwa, ɗaya a ƙasa kusa da idon sawu. Na sama ya fi aiki, yana ba da fiye da rabin tsawon, kimanin milimita 6 a shekara, kuma dukansu sukan rufe tsakanin shekara 15 da 18, mata su riga maza. Karayar da ta ratsa faifan nan na iya tsayar da girman gefe ɗaya, ƙafa ta riƙa karkacewa a hankali bayan an ɗauka an warke, don haka irin wannan yaro sai an ci gaba da duba shi aƙalla shekara guda. Bakan ƙafa a yaron da bai kai shekara 2 ba yawanci ba ciwo ba ne. Daga nan yakan juye ya ɗan yi gwame a shekara 3 zuwa 4, ya daidaita wajen shekara 7. Wanda ake bincika shi ne bakan da ke ƙaruwa bayan shekara 2, ko na ƙafa ɗaya, ko wanda ya zo da kumburin wuyan hannu da jinkirin tafiya, domin wannan alamar laushin ƙashi ce. An daɗe ana ɗora laushin ƙashi kan rashin bitamin D kaɗai, abin da bai dace da ƙasar da rana ta wadata ba. Binciken da Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos kan yara 123, aka buga a 1999, ya nuna abincin yaran kimanin miligiram 200 na kalsiyam kawai yake ba su a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Madara, nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna da muhimmanci a nan fiye da yadda ake ɗauka.

Cikin dogayen ƙasusuwan baligi, gangar sangali ce ta fi yawan karyewa, kuma siffar karayar tana faɗin yadda abin ya faru. Murɗewa, kamar ƙafa ta maƙale a rami jiki ya juya, takan ba da karaya mai nannaɗewa, naman da ke kewaye bai ji jiki sosai ba, don haka takan haɗe da kyau. Bugu kai tsaye, irin na haɗarin babur, yakan raba ƙashin a gicciye ko ya farfasa shi, ya kuma daddage tsoka da fata. Ƙashin yaro kuwa yakan lanƙwashe ya tsage ta gefe ɗaya kamar ɗanyen kara, tantaninsa mai kauri ya riƙe shi, cikin mako 6 zuwa 10 ya haɗe. Kusan ɗaya cikin huɗu na karayar gangar sangali tana zuwa da buɗaɗɗen rauni. Ko da hudar ba ta fi kan tsinke ba, in tana kusa da karaya kuma jini mai duhu da ɗigon mai yana tsattsafowa, to ƙashi ya haɗu da waje, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa.

Abin da ake yi a sa'o'in farko ya fi komai tasiri. Kada a tura ƙashin da ya leƙo ciki, kada a zuba ƙasa, toka, man juye ko garin magani. A rufe raunin da tsumma mai tsabta, in akwai ruwan gishirin asibiti a jiƙa shi, a danne wurin in jini na zuba. A ɗaure ƙafar da katako ko kwali mai kauri wanda ya wuce gwiwa ta sama ya wuce idon sawu ta ƙasa, a sa tsumma tsakaninsa da fata, a bar yatsu a waje don a riƙa dubawa. A asibiti ana son allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jijiya cikin awa ɗaya da jin rauni in da hali, tare da rigakafin tetanus, sannan a shiga tiyata cikin awa 24 a wanke, a yanke duk naman da ya mutu. Bayan haka sai babban aiki: rufe ƙashin da nama mai rai, cikin kwana 3 in zai yiwu, kada dai ya wuce mako guda. A sama akan juyo da tsokar sha-raɓa a rufe. A ƙasa, inda babu tsokar da za a juyo, wani lokaci sai an ɗebo nama daga wani sashen jiki an haɗa jijiyoyin jininsa. Ƙashin da aka bari a fili yakan bushe ya mutu, komai kyan ƙarfen da aka sa masa.

Akwai haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma yakan samu har karayar da fata ba ta fashe ba. Tsokar ƙwauri a cikin ɗakuna huɗu take, na gaba, na waje, da biyu a baya, kowanne an kewaye shi da tantani mai tauri da ba ya miƙewa. Idan jini da kumburi suka taru a ciki, matsi yakan hau har ya toshe ƙananan jijiyoyin jini, tsoka ta fara shaƙewa. Alamar farko ciwo ne da ya wuce kima, wanda maganin ciwo ba ya kwantarwa, yana ƙaruwa in aka lanƙwasa babban yatsa sama ko ƙasa. Sai ƙwauri ya yi tauri, sai tsakanin babban yatsa da na kusa da shi ya fara mutuwa. Kuskuren da ke cin ƙafafu shi ne jiran bugun jini ya ɓace, domin bugun yakan ci gaba har bayan tsoka ta mutu. Inda ake da na'urar awo, idan tazarar da ke tsakanin awon jini na ƙasa, wato ƙaramar lambar awon hawan jini, da matsin cikin ɗakin ta gaza 30, lokacin aiki ya yi. Bayan awa 6 zuwa 8 ɓarnar ba ta gyaruwa. Matakin farko shi ne a kwance duk abin da aka ɗaure har zuwa fata, a ajiye ƙafar daidai da ƙirji, ba sama da shi ba. In bai lafa ba sai a tsaga ƙwaurin ta gefe biyu a buɗe ɗakunan huɗu duka, a bar su a buɗe, a sake dubawa bayan kwana 2 ko 3.

A nan ne batun ɗorin gargajiya ya shigo, kuma ya kamata a faɗe shi da adalci. Karayar da ba ta goce ba, fata lafiya, takan haɗe a hannun mai ɗori, domin jiki ne ke haɗa ƙashi, abin da ake buƙata kawai a hana shi motsi. Inda ake asara shi ne ɗaurin kara da tamau a kan ƙafar da ba ta gama kumbura ba. Kumburi yakan ci gaba kwana 2 zuwa 3 bayan karaya, ɗaurin da ya yi daidai yau gobe ya shaƙe ƙafar, mai ciwo yana kuka ana ce masa ya daure ƙashi ne ke kamawa. Ruɓewar ƙafa ta wannan hanya tana cikin sanannun dalilan yanke ƙafa a asibitocin Najeriya, kuma yara ne suka fi shan wahalarta. Karaya mai rauni, karayar cikin gaɓa, da ƙafar da yatsunta suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, ba na ɗori ba ne ko na kwana ɗaya. Asibitin ƙashi suke buƙata, irin na Dala a Kano da aka buɗe tun 1959, ko duk inda ake da likitan ƙashi da hoto.

Likita yana da ma'auni da yake dubawa a hoton ƙashi kafin ya yarda da zaman karaya: karkata zuwa gefe kada ta wuce digiri 5, gaba ko baya kada ta wuce 10, murɗewa kada ta wuce 10, gajarta kada ta wuce santimita ɗaya. In ta tsaya a cikin wannan, filasta daga cinya zuwa yatsu na mako 4 zuwa 6 ya wadatar, sannan a koma gajere wanda ke barin gwiwa ta lanƙwashe a fara takawa, dabarar da likitan ƙashi Sarmiento ya yaɗa a shekarun 1960. Takawa da wuri, in likita ya ba da izini, tana taimaka wa ƙashi, don matsi ne ke sa shi ginuwa. In karayar ba za ta zauna ba, akan zura sandar ƙarfe cikin kogon ɓargo daga sama, a kulle ta da kusoshi sama da ƙasa. Gerhard Küntscher ya fara irin wannan aiki a Kiel ta ƙasar Jamus a 1939, kuma falalarsa ita ce ba a buɗe wurin karayar, ba a ɓare tantanin da ya rage yana ciyar da ƙashin. A baligi haɗewa takan ɗauki mako 16 zuwa 20. In wata 9 ya cika, hoto bai nuna ci gaba ba wata 3 a jere, ana ɗaukar ta ƙi haɗewa, kuma dalilan ba su cika wuce motsi, ƙarancin jini, ƙwayar cuta, ciwon suga da shan taba ba. Inda guntun ƙashi ya ɓace gaba ɗaya, akan koma ga dabarar Gavriil Ilizarov na Kurgan a Rasha: a kafa zobban ƙarfe a waje da wayoyi da suka ratsa ƙashin, a yanke shi a wuri mai lafiya, a riƙa jan guntun milimita ɗaya a rana, kashi huɗu, sabon ƙashi na tsirowa a bayansa. In aka yi sauri ƙashin ba ya cikawa, in aka yi jinkiri ya daskare kafin a kai.

Ba duk ciwon sangali ne daga haɗari ba. Sabon kurtun soja ko mai gudun da ya ƙara nisa farat ɗaya kan samu tsagewar gajiya. Bambancinta da ciwon ƙwauri na masu gudu shi ne zafinta a wuri guda yake, yatsa ɗaya zai nuna shi, kuma hoto ba ya nuna komai a mako 2 zuwa 3 na farko. Wadda ta fito ta baya takan warke da hutu. Ta kaifin gaba taurin kai gare ta, don wurin buɗewa yake yi in an taka. A yaro kuma, zazzaɓi da zafin ƙashi kusa da gwiwa da ƙin takawa na iya zama ƙwayar cuta a cikin ƙashi, musamman ga mai sikila, kuma jinkirin kwanaki kan bar mataccen ƙashi da ƙofar mugunya ta shekaru. Kumburin da ke girma kusa da gwiwa a ɗan shekara 10 zuwa 20, yana hana barci da dare, hoto yake buƙata kafin tausa ko tsaga, domin saman sangali na cikin wuraren da dajin ƙashi ya fi fitowa.

Siffar sangalin mutum ta mai tafiya a tsaye ce. Rufin idon sawunsa a kwance yake daidai, ganga ta tsaya a kansa cak, alhali na manyan birai a karkace yake saboda hawan bishiya. Da wannan alama masana suka yi hukunci kan wani sangali da tawagar Meave Leakey ta tono a Kanapoi ta ƙasar Kenya a 1994, wanda aka kiyasta ya haura shekara miliyan 4, cewa mai shi da ƙafa biyu yake tafiya.

A dabbobi kuwa, yawancin mutane ba inda sangali yake suke nunawa ba. Gaɓar nan ta ƙafar baya ta doki, sa ko akuya, mai tsini yana kallon baya, ba gwiwa ba ce. Idon sawu ne, tsininta kuma diddige ne, jijiyar da ta kama shi ita ce agara. Gwiwar gaskiya tana can sama a jikin ciki, cikin nama. Sangali shi ne ƙashin da ke tsakanin waɗannan gaɓoɓi biyu. Dogon ƙashin da ke ƙasa, wanda ya gangara zuwa kofato, ƙashin tafin ƙafa ne da ya yi tsawo: a doki guda ɗaya ne, na yatsan tsakiya, a shanu da tumaki da awaki biyu ne suka narke suka zama ɗaya. Shi ake samu a farfesun ƙafar sa, domin mahauci a idon sawu yake yankewa, sangali ya tafi tare da naman cinya. Fibula kuma tana bin yadda dabba ke amfani da ƙafarta. Kare, kyanwa da alade suna da ita cikakkiya. A doki ta zama tsinke da ke ƙarewa wajen tsakiyar sangali. A shanu da awaki tsakiyarta ta ɓace, sai ɗan tsiro a sama da ɗan ƙashi daban a idon sawu. A kwaɗo ta haɗe da sangali sun zama ƙashi ɗaya. Dabbar da ƙafarta gaba da baya kawai take zuwa ba ta da buƙatar ƙashi na biyu.

A kare, fuskar saman sangali a gangare take zuwa baya, wajen digiri 20 zuwa 30, alhali ta mutum ba ta cika wuce 10 ba. Duk takun da ya yi, ƙashin cinya na neman zamewa baya, jijiyar ɗauri ta gaba ce ke tarewa, har ta gaji ta tsinke ba tare da wani haɗari ba. Aikin da likitan dabbobi Barclay Slocum ya bayyana a 1993 bai damu da ɗinke jijiyar ba. Yanke kan sangali ake yi a juya shi gangaren ya dawo kusan digiri 5, gwiwa ta zauna ko babu ita.

Kaza ma kamar doki da sa take: abin da ake ganin gwiwa ce ta juya baya idon sawu ne, ɓangaren mai ɓawo tafin ƙafa ne. Guntun nan mai nama da ke ƙasan cinya shi ne ƙwauri, ƙashinsa sangali ne da ya haɗe da wasu ƙasusuwan idon sawu, siririn tsinken da ke manne da shi kuma fibula. Masu kiwon kaji sun san wahalarsa. Kazar nama da ke haura kilo 2 cikin mako 6 tana tara nauyi fiye da saurin da ƙashinta ke ƙwari, guringuntsin saman sangali ya ƙi zama ƙashi, ƙafa ta lanƙwashe, kaza ta zauna ta kasa kai wa ga ruwa. Rashin daidaiton kalsiyam da fosfaras a abinci, wanda ya kamata ya zama kusan biyu bisa ɗaya, yana ƙara abin, ƙarancin manganis kuma kan sa agara ta goce daga kwarinta. Kaza mai ƙwai tana ajiye kalsiyam a cikin kogon sangali da cinya, tana ɗiba da dare lokacin da ɓawo ke haɗuwa, kusan giram 2 kowane ƙwai. In abincinta bai kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100 na kalsiyam ba, sai ta ci bangon ƙashinta, ƙafa ta karye a cikin keji.

Duk da naman da ya lulluɓe sangalin doki da na sa, fuskarsa ta ciki fata ce kaɗai a kanta, daidai da ta mutum. Tsokar tana waje da baya, don haka in ya karye sai ta ja ƙasan ƙafar waje, tsinin ƙashi ya huda fata ta ciki. Shi ya sa taimakon farko ga doki shi ne naɗi mai kauri da dogon katako ta gefen waje, daga ƙasa har zuwa ƙashin ƙugu. Babban doki da sangalinsa ya rabu da wuya ya tsira: nauyinsa ya fi ƙarfin ƙarfe, ba ya iya doguwar kwanciya, kuma kofaton ƙafar da ta ɗauki kaya ita kaɗai kan lalace. Ɗan maraƙi, akuya da tunkiya sukan warke da kyau cikin mako 6 zuwa 8, muddin an ɗaure daidai. Ƙa'idar ɗauri ita ce a kama gaɓar sama da ta ƙasa, gaɓar sama a nan kuwa tana manne da ciki, kara ko filasta ba ya kaiwa. Ɗaurin da ya tsaya a tsakiyar sangali nauyi kawai yake ƙara wa ƙasan ƙafar, bakinsa ya zama wurin da karayar ke lanƙwasawa a kowane motsi. Likitan dabbobi kan yi amfani da sandar ƙarfe mai zobe da ke zama a matsematsi, a haɗa ta da filasta, ko ya sa ƙarfe a ƙashin ta fuskar ciki, sannan a killace dabbar a ƙaramin wuri mai busasshiyar shimfiɗa, a riƙa duba matsematsin kullum kada zoben ya ci fata.